Hukunci a Bakin Taga: Yadda Mu'amala Ke Sarrafa Ijtihadin Ƙananan Ma'aikatan Hukuma

Talaka, a galibin rayuwarsa, ba ya haɗuwa da gwamna ko minista, ba ya kuma karanta dokokin da majalisa ta zartar. Abin da ya sani da sunan gwamnati shi ne akawun da ke zaune bayan taga, da ma'aikaciyar jinyar da ke kiran sunayen marasa lafiya, da ɗan sandan da ya tsayar da motar da ya shiga, da shugaban makarantar da zai ce a bar yaron ko a koma da shi gida, da magatakardan kotu wanda takardar ƙara ke iya kwana wata guda a teburinsa ko ta isa gaban alƙali a yinin da aka kawo ta. Waɗannan mutane albashinsu kaɗan ne, muƙaminsu yana ƙasan tsani, amma a hannunsu doka take zama aiki, kuma da bakinsu hukuma take cewa e ko a'a. Wani masanin siyasa Ba'amurke, Michael Lipsky, shi ya fara tara su ƙarƙashin bahasi guda a littafin da ya fitar a 1980, inda ya kafa hujja da cewa shawarwarin da suke yankewa kullum, da dabarun da suke ƙirƙira don su iya da yawan jama'a da ƙarancin kayan aiki, su ne haƙiƙanin manufar gwamnati kamar yadda take isa ga mutane, ko da kuwa abin da ke rubuce a takarda wani abu ne daban.

Abin da nake nufin tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, hukuncin ƙaramin ma'aikaci ba a cikin zuciyarsa kaɗai yake ƙulluwa ba, ba kuma a cikin littafin ƙa'ida kaɗai ba, a cikin jama'a yake ƙulluwa: tsakaninsa da wanda ke tsaye gabansa, da waɗanda zai koma ya tarar a gida, da abokan aikin da ke zaune kusa da shi. Saboda haka duk gyaran da ya tsaya ga ƙara dokoki ko ga wa'azi, ya bar wannan zama yadda yake, ya yi aikin rabi ne.

Da farko wajibi ne a yarda cewa ba a iya raba wannan aiki da ijtihadi. Max Weber, Bajamushen da ya rasu a 1920, ya siffanta cikakken ofis da cewa wuri ne da ake zartar da ƙa'ida ba tare da ƙauna ko ƙiyayya ba, ba tare da duban wane ne mai buƙata ba. Siffa ce mai kyau, kuma ita ce ta fid da mutane da yawa daga mulkin son zuciya. Sai dai malaman usulu sun riga sun lura, tun ƙarnoni kafin shi, cewa nassoshi suna da iyaka alhali abubuwan da ke aukuwa ba su da ita. Ƙa'ida ta ce a zo da takardar haihuwa, sai ga tsoho wanda aka haifa a ruga shekarar da ba wanda ya rubuta. Ƙa'ida ta ce a rufe karɓar kati da ƙarfe goma sha biyu, sai ga mace ta iso da goma sha biyu da rabi, ta taso daga ƙauye tun asuba da yaro a goye yana zazzaɓi. Ko ma'aikacin ya karɓa ko ya ƙi, ya yi hukunci, domin ƙin duba uzuri ma zaɓi ne. To, tunda zaɓin ba makawa ne, mas'alar ita ce me ke karkata shi.

Na farkon masu karkata shi shi ne mutumin da ke tsaye a gaban taga. Steven Maynard-Moody da Michael Musheno, waɗanda suka tattara labaran 'yan sanda da malaman makaranta da masu ba naƙasassu shawarar sana'a a Amurka suka buga a 2003, sun tarar cewa ma'aikatan nan, in suna ba da labarin aikinsu, ba daga doka suke farawa ba, daga mutumin suke farawa: su fara auna shi, mutumin kirki ne ko ɗan wasa da hankali, ya cancanci a wahala dominsa ko bai cancanta ba, sa'an nan su nemo sashen dokar da zai ɗauki hukuncin da zuciya ta riga ta yanke. Wanda aka ga cancantarsa sai a tanƙwara masa ƙa'ida, har ma'aikaci ya sa kansa cikin haɗari saboda shi. Wanda ba a ga cancantarsa ba sai a ba shi ƙa'idar tsantsarta, ba ragi ba ƙari, kuma ba mai iya cewa an zalunce shi. Vincent Dubois ya zauna a ofisoshin tallafin iyali na Faransa ya rubuta makamancin haka a 1999. Na kawo waɗannan ƙasashe da gangan, don kada a zaci lamarin ciwo ne na ƙasashenmu kaɗai, ko kuwa alama ce ta rashin wayewa; halin ɗan Adam ne a duk inda aka ɗora shi a kan buƙatar ɗan'uwansa.

A wurinmu awon yana gudana cikin daƙiƙu kaɗan, da ma'aunai waɗanda kowa ya sani ko da ba ya faɗa. Akwai sallama da yadda aka yi ta, akwai babbar riga da hula ko ƙurar hanya a ƙafa, akwai harshe, wato ko mutum ya iya jefa Turanci ko Faransanci a maganarsa, ko Hausarsa ta birni ce ko ta ƙauye, ko ma ba ya jin Hausar sai Fulatanci ko Barbarci. Wanda ya ce "ranka ya daɗe, a taimaka mini" ya rusuna, da wanda ya ce "haƙƙina ne" ya tsaya ƙyam, buƙatarsu ɗaya ce a gaban doka, amma da wuya su fita da amsa ɗaya. Abin baƙin ciki a nan shi ne, ladabin da ake saka wa da alheri sau da yawa ba ladabi ba ne, sanin hanya ne, wanda ɗan birni ya koya tun yana yaro, baƙauye kuwa bai taɓa samun inda zai koya ba. Sai ya zama mafi buƙata shi ne mafi rashin iya roƙo, shirunsa na tsoro a ɗauke shi wauta, ɗaga muryarsa ta ruɗewa a ɗauke ta rashin kunya.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Wasiƙar da ake dangana wa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi zuwa ga Abu Musal Ash'ari, wadda Ibnul Ƙayyim ya yi wa dogon sharhi, ba ta tsaya ga umurni da daidaita mutane a cikin hukunci ba, ta haɗa har da daidaita su a wurin zama da sakin fuska, kuma ta ba da illa: don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada kuma rarrauna ya yanke ƙauna daga adalci. Wannan fahimta ce mai zurfi, domin ta gane cewa hukunci yana farawa tun kafin a buɗe baki, tun daga wa aka ba kujera, wa aka bari a tsaye. Mutumin da aka ɗaure wa fuska hujjarsa takan tsere masa, ya manta rabin abin da ya zo faɗa, sa'an nan a hukunta shi da gwargwadon abin da ya faɗa. Haka nan hanin da ya tabbata a hadisi, cewa kada mai hukunci ya yi hukunci yana cikin fushi, fuƙaha'u sun ƙiyasta masa yunwa da ƙishirwa da gajiya mai tsanani. Wanda kuwa ya ga ma'aikaciyar jinya guda tana fama da layin da ya kai bakin ƙofar asibiti, zai san cewa mutum na sittin ba zai sami fuskar da na farko ya samu ba.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a ƙasashenmu, su ne mutanen da ba sa cikin ofis amma suna cikin hukuncin. Peter Ekeh, masanin zamantakewa ɗan Nijeriya, ya bayyana a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar wa Afirka jama'a iri biyu a zuciyar mutum guda: ta dangi da gari, wadda yake jin tana da haƙƙi a kansa kuma yana jin kunyarta, da ta gwamnati, wadda ya gada daga baƙo kuma ba ya jin ta da irin wannan hurumi. Ma'aikaci yana tashi daga ofis da yamma, amma ba ya tashi daga zama ɗan wane, surukin wane, almajirin wane. Wanda ya hana wa alfarma da safe, da shi zai haɗa sahu a sallar magariba, shi zai tarar a wurin suna da zaman makoki, kuma maganar za ta riga shi isa gida: ya sami wuri ya manta da mutane, ba shi da kara, ba a cin arzikinsa. Ba ƙaramar azaba ba ce wannan a al'ummar da mutum ba shi da inshora sai danginsa, wadda in ya kwanta ciwo ko ya yi ritaya ba gwamnati ce za ta zo gaishe shi ba.

An yi wa wannan lamari bincike na ƙwarai a Nijar. Cibiyar nazarin zamantakewa ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, da malaminta Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna zama a asibitoci da kotuna da ofisoshin kwastan suna kallon abin da ake yi, ba abin da ake cewa ana yi ba. A littafin da ya fitar tare da Yannick Jaffré a 2003, kan cibiyoyin lafiya na Yamai da Bamako da Dakar da Konakiri da Abijan, abin da ya fi fitowa fili shi ne bambancin da ke tsakanin majinyacin da aka sani ko aka aiko da shi, da wanda ba kowa ne ya san shi ba: na farko a tarbe shi, a tsallake masa layi, a yi masa bayani, na biyu a bar shi yana jira, a yi masa magana a gajarce ko a daka masa tsawa, a rubuta masa magani ba tare da an saurari ƙarshen kukansa ba. Ma'aikaci ɗaya ne, a yini ɗaya, yake nuna fuskokin nan biyu. Wannan ya isa ya nuna cewa ba rashin tausayi ne a ɗabi'arsa ba, tausayin ne aka keɓe wa waɗanda ke da hanya zuwa gare shi. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma gaskiya ne. Sai dai tukunyar hukuma ta marayu ce da masu uwa baki ɗaya.

A nan nake saɓa wa masu tattara lamarin duka su kira shi cin hanci. Cin hanci yana nan, kuma haramcinsa bayyananne ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi inkari ga Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, ya nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda ya kawo masa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci da ya yi wa sarakunan Hausa inkari a kansu. Amma mafi yawan karkatar da ake yi a bakin taga ba kobo a cikinta. Kunya ce, da kara, da zumunci, da girmama na gaba, wato ɗabi'un da muka tarbiyyantu a kansu muka kuma san su da kyau, waɗanda wani masani mai suna Kirk-Greene ya lissafa wasunsu a 1974 cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Shi ya sa maganinta ya fi na cin hanci wuya, domin mai karɓar toshiya ya san yana saɓo, mai yin alfarma kuwa yana jin lada yake samu.

Kuma ba a ce duk alfarma ɓarna ce ba. Shari'a ta kwaɗaitar da yin ceto ga mai buƙata a wurin mai iko, amma ita ce kuma ta kawo ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, wadda Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi mata kamun ƙafa, Annabi ya yi fushi ya ƙi. Iyakar da ke tsakanin biyun, gwargwadon fahimtata, ita ce: ceton da ke isar da mutum ga haƙƙinsa alheri ne, wanda ke ba shi haƙƙin waninsa ko ya kuɓutar da shi daga abin da ya wajaba a kansa zalunci ne. Matsalar ofis ita ce kusan kome a cikinsa rabo ne na abu ƙanƙane, gado ɗaya a ɗakin haihuwa, gurbi ɗaya a aji, sa'a ɗaya ta likita. Duk wanda aka shigar ta ƙofar baya, akwai wanda aka mayar baya a layi, kuma wannan na biyun ba ya nan a lokacin da ake roƙon, ba a san sunansa ba, ba mai jin kunyarsa.

Na uku su ne abokan aiki, kuma su ne aka fi mantawa da su alhali a wurinsu gyara ya fi yiwuwa. Sabon ma'aikaci yana zuwa da abin da ya karanta a makaranta, amma a makonnin farko yake koyon ainihin aikin, daga bakin waɗanda ya tarar: nan ba haka muke yi ba, wannan fam ɗin ba a cika shi, irin waɗannan mutane ka yi hankali da su, in an ce daga wurin oga ne kada ka tambaya. Olivier de Sardan ya nuna cewa waɗannan ba hargitsi ba ne, ƙa'idoji ne na aikace waɗanda ba a rubuta ba, masu tsari da ladabtarwa, har wanda ya saɓa musu ya fi wanda ya saɓa wa doka shan wuya, domin za a ce yana nuna ya fi kowa tsarki, a ƙaurace masa a wurin cin abinci, a bar shi shi kaɗai ranar da ya yi kuskure. Wasu daga cikin waɗannan ƙa'idoji ma larura ce ta haife su. Da gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani a 2006, sa'an nan kuɗin da za ta mayar wa cibiyoyin lafiya ya riƙa makara ƙwarai, magunguna suka riƙa yankewa, ma'aikata ne a tsakaninsu suka daidaita yadda za a yi, wa za a ba ɗan abin da ya rage, wa za a rubuta wa takarda ya je ya saya. Doka ta yi alkawari, su aka bari da fuskar iyaye.

Amma zaman abokan aiki kamar yadda yake lalatawa haka yake gyarawa. Bernardo Zacka, wanda ya yi watanni yana aikin karɓar baƙi a wata cibiyar taimakon matalauta a Amurka kafin ya fitar da littafinsa a 2017, ya lura cewa matsin aiki yana tura ma'aikaci zuwa ɗayan halaye uku, ko ya zama ba ruwansa, ko ya zama mai tsanani da ke ganin kowa macuci ne, ko ya zama mai tausayin da ke ƙarar da kansa a kan mutum ɗaya ya manta da sauran; kuma abin da ke tsare shi daga ƙafewa a kan ɗaya shi ne zama cikin abokan da halinsu ya saɓa wa nasa, waɗanda za su tambaye shi dalilin abin da ya yi. Wanda ya karanta babin alƙalanci a Mukhtasar na Shaihu Halilu, littafin da alƙalan ƙasashenmu suka tashi a kansa, ba zai ga wannan baƙon abu ba. An so alƙali ya kasance mai shawara, ya halarto da malamai majalisarsa ko ya shawarce su. An so ya kasance ba bashi a kansa, ba shi da miyagun na kusa. An so ya rage masu rakiya da 'yan kanzagi. Har an so ya ajiye amintaccen da zai riƙa gaya masa abin da mutane ke faɗa game da halinsa da hukuncinsa. Duk waɗannan ba dokokin hukunci ba ne, dokokin zama ne. Fuƙaha'u sun gane cewa ba a tsare adalcin mutum ta hanyar raba shi da mutane, sai ta hanyar zaɓar waɗanda za su kewaye shi, kuma a kan wannan tafarki Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami a farkon shekarun jihadi.

Za a ce, to, me zai hana a cire mutum gaba ɗaya a sa na'ura, tunda kwamfuta ba ta da suruki? Hujja ce mai ƙarfi, kuma a wasu wurare ta yi amfani, musamman inda aikin lissafi ne tsantsa kamar biyan albashi da makin jarrabawa. Sai dai ijtihadin ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta ba da umurni, a watan Disamba na 2020, cewa a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, jama'a suka yi cincirindo a cibiyoyin rajista, na'urar ba ta bambanta yatsan attajiri da na talaka ba, amma isa gabanta ya koma hannun mai gadin ƙofa da mai rubuta sunaye a takarda tun da asuba. An ɗauke zaɓi daga wanda aka horar kuma ake iya tuhuma, an miƙa shi ga wanda ba a horar ba kuma ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Ga shi kuma na'ura ba ta jin uzuri. Tsohon nan na ruga, wanda noma da kiwo suka shafe zanen yatsunsa, mutum yake buƙata wanda zai dube shi ya nemo masa mafita.

Saboda haka abin da nake ganin ya fi kusa da maslaha abubuwa ne ƙanana waɗanda ba sa buƙatar sabuwar doka. Shugaban sashe ya zaunar da ma'aikatansa lokaci zuwa lokaci, a ɗauko mas'aloli masu wuya da suka auku, wanda ya yi rangwame ya faɗi dalilinsa, wanda ya tsananta ya faɗi nasa, domin dalilin da ba a iya faɗa a gaban abokai galibi ba dalili ba ne, kuma ma'aikacin da ke da irin wannan majalisa ya sami abin da zai kāre kansa da shi a gida, ya ce wa kawunsa, "Baba, ba ni kaɗai ba ne, za a tambaye ni." Dangi suna karɓar wannan uzuri fiye da yadda suke karɓar "doka ta hana", domin sun san doka ba ta da ido, abokan aiki kuwa suna da shi.

Sa'an nan a fito da tsarin layi fili, domin a layi ne mafi yawan alfarma ke ɓuya. Halilu bai bar wannan ga ganin damar alƙali ba: ya ce a gabatar da matafiyi, da abin da ake tsoron kuɓucewarsa in an jinkirta, sa'an nan wanda ya riga zuwa, in kuwa an rasa sanin wanda ya riga sai a yi ƙuri'a. Tsarin ya bar wurin duba uzuri, amma uzurin da ya ambata na baƙo ne da na mai gaggawa, wato su ne mutanen da ba su da kowa a cikin ofis. Asibiti ko ofishin rajista da zai rubuta makamancin wannan a allo da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta shi da ƙarfi kowace safiya saboda waɗanda ba sa karatu, ya mayar da masu jira shaidu a kan ma'aikaci, ta yadda duk wanda aka tsallakar da shi gaba, sauran suna da ikon tambaya a kan wane sharaɗi daga cikin sharuɗɗan aka gabatar da shi.